Halliru Mai Keke da Faifan da Aka Juye

Duk wanda ya saba cin kasuwar Wudil ranar Juma'a a shekarun da kuɗin fetur ya fara malala a ƙasar nan, zai iya tuna wata rumfar kara a gefen titin da ya gangaro daga gada, inda ake rataye tsofaffin tayoyi a jikin darbejiya. Mai rumfar sunansa Halliru, mai gyaran keke. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, wanda in ya karɓi aiki ba ya ɗaga kai sai ya gama. Bai yi wata jarumta ba, bai kuma tara abin da magada za su yi hayaniya a kansa ba. Abin da ya sa ya cancanci a rubuta shi guda ne: ya mallaki abu ɗaya tak wanda ba shi da madadi a duniya, kuma mutanen da suka fi kowa ƙaunarsa su ne suka raba shi da shi, babu wanda ya yi nufin sharri a cikinsu.

Mahaifinsa Ɗantani makaɗin noma ne a Utai. In an kira gayya, shi ke tafe bayan manoma da gangarsa, yana kiran kowane saurayi da sunansa da na ubansa da na kakansa, har sai wanda ƙugunsa ya gaji ya ji kunyar miƙewa. Halliru shi ne ɗansa na fari. Ɗantani kuwa ya riƙe kunyar ɗan fari da tsananin da ko a zamaninsa ana cewa ya yi yawa. Da aka yaye yaron sai aka kai shi Wudil wurin kawunsa, can ya tashi, can ya koyi ƙarfe. In ya je Utai da salla ya durƙusa a ƙofar zaure, abin da yake samu bai wuce, "Kai ne? Ina kawunka? To, shiga ciki." Mutumin da sana'arsa ita ce kiran sunayen 'ya'yan mutane da ƙarfi a tsakiyar gona, bai taɓa kiran na ɗansa ba. Mahaifiyar, Yelwa, ita ma haka, in dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Wudil."

Ba na cikin masu zagin wannan al'ada. Linzami ce da magabata suka sa wa son zuciya, don kada mutum ya fifita abin da ya haifa a kan 'ya'yan 'yan'uwansa, kuma gidajen da suka yar da ita ban ga sun fi kyau ba. Sai dai kowace al'ada, komai kyanta, akwai wanda ke ɗauke da nauyinta, kuma sau da yawa shi ne wanda ba a yi shawara da shi ba.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, wasu mutanen kamfanin faifai suka bi ƙauyuka neman makaɗa. Aka ɗauki Ɗantani da 'yan amshinsa a mota zuwa Kano, suka yi kiɗa a wani ɗaki mai rufaffun tagogi, aka sallame su. Daga baya aka aiko masa da faifai ɗaya, ƙarami, baƙi, mai jar takarda a tsaka. A Utai babu garmaho, wato akwatin da ake ɗora faifai a ji kiɗa, saboda haka ya naɗe shi a tsumma ya sa a ƙasan adaka, har ya rasu a shekarar babban fari bai ji abin da ke ciki ba. Da aka zo rabon kaya, ganga ta tafi ga ƙanen Halliru wanda ya gaji kiɗan, faifan kuwa aka tura wa Halliru, aka ce shi ya san kan kayan ƙarfe. Ya ɗauko shi, ya ɗauko mahaifiyarsa, ya dawo da su Wudil.

Ya sami tsohon garmaho mai batir a hannun wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki. Wata rana bayan la'asar ya shiga ɗakinsa shi kaɗai, ya saka labule, ya ɗora allura. Fuska ta farko waƙar Sarkin Noma ce. Ganga ta fito da nauyinta, har yana jin bugunta a tabarmar da yake zaune. Ya juya ɗaya fuskar, sai ga jerin manoman Utai, Dabo, Gwadabe, Ƙasimu, waɗansu suna raye waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Aka zo ƙarshe, Ɗantani ya sauke wani bugu mai ƙarfi, 'yan amshi suka yi tsit. A cikin ɗan shirun da ya rage kafin allura ta kai ga jar takarda, sai murya ta dawo, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai magana ya kau da kai gefe: "Halliru, Allah ya raya."

Me ya sa Ɗantani ya faɗi haka a wannan wuri? Mai yiwuwa ya zaci an riga an kashe na'ura. Mai yiwuwa kuma, kuma wannan ya fi kama hankali, ya yi wa kansa fatawa cewa abin da aka faɗa wa akwati ba a faɗa wa mutum ba, saboda haka kunya ba ta zube ba. Ko ma wanne ne, Halliru ya ji sunansa daga bakin ubansa a karo na farko, a lokacin da shi kansa ya fara furfura a gemu, uban kuwa yana kabari.

Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Barakatu. In maƙwabta sun roƙi a sa musu kiɗan marigayi, yakan sa, amma da zarar an doshi ƙarshe sai ya ɗage allura ya ce batir ya yi sanyi. Shi kansa bai cika saurare ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon yadda titi ke cinye taya, ya san duk abin da ake gogawa ƙarewa yake yi. Sai in rai ya yi masa nauyi yake warware tsumman.

Ana nan sai shekarar Udoji ta zo, kuɗi ya faɗo hannun ma'aikata a dunƙule, kowa ya rasa inda zai sa kansa. Kekuna suka fara raguwa a rumfar Halliru, don wanda jiya yake kawo faci yau ya hau babur. Samarin Utai suka jingine fartanya suka tafi Kano aikin gini, gayya ta mutu, ƙanen da ya gaji ganga ya rataye ta ya bi su. A cikin waɗanda abin ya samu akwai Bilya, ɗan kawun Halliru, masinja a wata ma'aikata a Kano, wanda tare suka tashi a gida ɗaya, kuma taubasai ne. Ya zo Wudil wata Lahadi a kan sabon babur, da rikoda rataye a kafaɗa tana kiɗa tun daga bakin gada.

"Bawana! Har yanzu kana nan da wannan kaskon suyar gyaɗa?" in ji shi, yana nuna garmahon da ƙafa.

"Sannu da zuwa, ubangijin da bai mallaki ko akuya ba. Kashe mana gwangwanin nan mu gaisa."

Suka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da gajiyar hanya, sannan Bilya ya mayar da zance inda yake so. Ya danna kaset na wani makaɗi, ya ƙure murya.

"Ji nan. Tsaf, kamar ruwan randa."

Halliru ya saurara har waƙar ta yi nisa. "Wannan ganga ce ko bayan kwano? Ita ganga a ƙirji ake jin ta. Naka kunu ne da aka tsinka da ruwa don ya ishi baƙi."

"Naka fa? Ƙas-ƙas-ƙas, sai ka ce ɓera a rumbu. Kaza ta yi tsalle a tsakar gida, allura ta yi tsalle. Ni nawa ina bisa babur yana yi, ina wanka yana yi."

"Shi ya sa ba ka jin komai. Abin da ake ji ana wanka ai ba a ji shi ba."

"To, Malam mai kunne. Amsa mini ɗaya. Allurar nan taka in ta mutu, a ina za ka samo wata? Na zaga Sabon Gari kaf, masu faifai duk sun koma kaset. Ran da ta karye, sai ka sa Baba Ɗantani a gaba kana kallo kamar kuturu da kwaɗon zogale a tafin wani."

Halliru ya dubi allurar garmahonsa. Idan aka auna maganar da adalci, kowannensu yana da gaskiya, sai dai ba a kan abu ɗaya ba. Halliru ya yi gaskiya game da sauti: faifan yana riƙe da kaurin ganga da numfashin mai waƙa, abin da ƙaramar rikoda ba ta iya ɗauka. Bilya ya yi gaskiya game da zamani, wanda ba ya tambayar abin da ya fi kyau, sai abin da ya fi sauƙin ɗauka. Wanda ke da gaskiyar sauti kuwa, in ya yi jayayya da mai gaskiyar zamani, shi ke faɗuwa, domin allura a kasuwa ake sayenta. Saboda tsoron rasa muryar, Halliru ya yarda Bilya ya juye ta a kaset.

A hantsin nan aka yi aikin. Aka ce mata su dakata da daka, aka kore kaji waje. Bilya ya ajiye rikoda a kan tabarma dab da bakin garmaho, ya danna maɓallai biyu tare, ya ɗora yatsa a leɓe. Fuska ta farko ta wuce. Da ta biyu ta kai ga sunan Ƙasimu, Halliru ya ji ba zai iya zama a ji kalmar nan a gaban wani ba, ya miƙe a hankali ya ɗauki buta ya fita. Da ya dawo an gama. Bilya ya mayar da kaset farko ya danna, kiɗan ya fito, siriri amma ana gane shi.

"Ka ji? Me ya rage? Riƙe rikodar ma, na ba ka, wata zan saya mai baki biyu."

Farkon kawai suka saurara. Bilya, da murnar wanda ya yi abin kirki, ya ɗauki faifan ya fita tsakar gida inda Yelwa ke zaune tana gyaran kuɓewa.

"Gwaggo, albishirinki!"

"Goro, ɗan nema."

"An juye Baba Ɗantani a kaset. Yanzu ko a aljihu sai a tafi da shi."

Tsohuwar ta dubi baƙin abin da ke hannunsa. "An juye duka?"

"Tas, Gwaggo. Ko ɗigo bai rage ba."

Ya ajiye faifan a gefen tabarmarta, ya ce zai kama hanya. Halliru ya fita raka shi, a hanya wani ya tare shi da keke mai karyayyen sarƙa, ya tsaya a rumfa.

A nan ya kamata a tsaya a duba kalmar da Bilya ya yi amfani da ita, domin a kanta komai ya rataya. Yelwa ta yi shekarunta tana juye hatsi daga buhu zuwa rumbu, tana juye fura daga ƙwarya zuwa ƙwarya. A saninta, kuma saninta daidai ne, abin da aka juye ya bar mazubinsa, mazubin ya zama fanko. Ta yi tambaya, an ce mata ko ɗigo bai rage ba. Macen da ta ga shekarar fari ba ta barin fanko ya zauna banza. Sunan abin kuma faifai, faifai kuwa an san aikinsa. Nata na kaba akuya ta tauna bakinsa tun kwanan baya. Barakatu ta tafi barka maƙwabta. Da tsohuwar ta kaɗa miya a ƙaramar tukunya, sai ta ɗauki wanda ke kusa ta rufe, ta bar ta a kan garwashi.

Halliru ya shigo bayan azahar, tare da dawowar Barakatu. Jar takardar ya fara hangowa a kan murhu. Ya sa hannu ya ɗaga, bai ji zafin ba sai daga baya. Faifan ya lotsa ciki kamar akushi, tsakiyarsa ta narke ta yi sumul, miya tana ɗiga daga ramin.

"Barakatu," in ji Yelwa, ba ta dube shi ba, "ki gaya wa maigidanki wannan faifan nasa na Turawa ba shi da ƙarko. Na kaba ya fi shi sau goma."

"Inna," ya ce. "Inna, me ya kai shi wuta?"

"Ba an juye ba?"

Ya shiga ɗaki ya saka labule, ya tura kaset zuwa ƙarshe. Dabo, Gwadabe, Ƙasimu. Bugun ƙarshe ya sauka. Bayansa sai wani shuu, kamar iska a cikin kara, har maɓalli ya ɗago da kansa. Ya mayar ya sake, ya kafa kunne a jikin rikodar. Shuu ɗin ne dai. Daga baya wani mai gyaran rediyo ya bayyana masa dalili: irin wannan ƙaramar rikoda, in ƙara mai ƙarfi ta doke ta, takan toshe kunnenta da kanta, ba ta buɗewa sai an ɗan jima. Bugun Ɗantani ya toshe ta, kalmomin suka wuce tana toshe.

Wa za a ɗora wa laifi? Tsohuwar ta yi aiki da ma'anar kalma kamar yadda ta gada. Bilya ya ari kalmar rumbu ya sa wa na'ura, kamar yadda dukanmu muka yi a shekarun nan, muna karɓar kayan da ba mu san halinsu ba muna raɗa musu sunayen abin da muka sani. Halliru da ya zauna har ƙarshe, ko da ya gaya wa mutum ɗaya abin da ke cikin faifan, da an yi hattara. Amma kunyar da ta hana uban faɗa ita ce ta hana ɗan zama. Na juya al'amarin ta kowace fuska ban sami wanda zan kama ba, kuma wannan ya fi muni, domin inda akwai mai laifi akwai wanda za a yafe wa a huta.

Halliru ya yi abin da ake yi. Ya sa faifan tsakanin alluna biyu ya danne da dutsen niƙa a rana. Faifan ya miƙe kaɗan, amma layukan kusa da takarda, inda maganar take, sun riga sun shafe. Ya rufe rumfa ya tafi Kano, ya bi shagunan Sabon Gari yana tambayar faifan Ɗantani na Utai. Waɗansu ba su taɓa jin sunan ba. Wani ya ce masa ragowar tsofaffin faifansa ya zubar da su bara don ya sami wurin jera kaset. Ya biya wurin Bilya, wanda ya yi ta salati yana dafe kai, sannan Halliru ya tambaye shi abin da ya ji a ƙarshen fuska ta biyu.

"A ƙarshe? Wallahi ni hankalina yana kan kaset kada ya ƙare. Akwai wani abu ne?"

"Babu."

Shaida ɗaya ta rage, wadda ta san halin marigayin fiye da kowa. Ya yi watanni yana jinkiri, sannan wata safiya ya durƙusa nesa da tabarmarta, kansa a ƙasa, ya gaya mata abin da ya ji, ya tambaye ta ko Baba ya taɓa yi mata zancen. Yelwa ta ɗago kai. Da ta yi magana, da kakkausar murya ta yi.

"Marigayi bai taɓa zubar da kunyarsa ba, a gida ko a waje. Kada a ɗora masa abin da bai yi ba yana kwance a kabarinsa."

Kare mijinta take yi, da iyakar gaskiyarta. Ba ta san abin da ta ƙwace ba. Ta rasu da daminar da ta biyo baya.

Daga nan Halliru ya koma ga kaset. Mutumin da a da yake tsoron goga faifai, yanzu kullum in aiki ya yi sauƙi, kuma ya yi sauƙi ƙwarai, sai ya jawo rikoda ƙarƙashin benci, ya sa wurin nan, ya mayar, ya sake. Wata rana yakan ji kamar akwai wani abu can ƙarƙashin shuu ɗin, mai kama da harafin farko na sunansa. Wata rana babu. Da tafiya ta yi nisa ya fara tambayar kansa ko tun asali ma ya ji, ko kuwa kunne ne ya ba zuciya abin da take roƙo. Wannan shakka ita ce asarar ta biyu, kuma ta fi ta farko, don ta bi shi har cikin abin da ya riga ya ji.

Zaren kaset ba a yi shi don irin wannan wahala ba. Wurin ya miƙe, ya yi laushi, ran nan rikoda ta tauna shi ta tsinka. Bilya, wanda tun ranar miya yake neman hanyar gyara abin da ya ɓata, ya karɓa da sauri ya ce ya san maganinsa. Ya dawo da shi Lahadi, ya sami Halliru a rumfa yana faci.

"Ga shi, bawana, garau. Da jan farcen matata na haɗa, ko alama ba za ka ji ba. Wurin da ya tauna na yanke na yar, bai kai kamu ɗaya ba. Ka yi sa'a ma, ba a kan waƙa ya faɗa ba. Ɗan shuu ɗin nan ne na ƙarshe, ba komai a ciki."

Halliru ya goge hannu a jikin riga ya karɓa. Ya sa, ya danna. Bugun ƙarshe ya sauka, maɓalli ya ɗago nan take.

"Madalla," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Ya tura rikodar ƙarƙashin benci, ya ɗauki tiyub ɗin da yake aiki a kai, ya nutsa shi a kwanon ruwa yana neman inda yake yoyo.